Kwabon Malam Inuwa

Duk direban da ke cin abinci a Nassarawa GRA ya san Malam Inuwa, kuma duk wanda ya san shi ya taɓa zaginsa a zuci, ko sau ɗaya ne, ranar da ya biyo bayansa yana sauri. Shekara ashirin da shida yana jan Fijon Alhaji Abdulƙadir, tsohon babban sakatare da ya yi ritaya, kuma a tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin ya wuce tamanin, ko da kuwa titin Zariya aka share masa shi kaɗai. Shi ya sa direbobin da ke zaman jiran yara a bakin makaranta suka laƙaba masa Na-tamanin. Ba ya jin haushin sunan. In gaskiya za a bi ma daɗinsa yake ji, sai dai ba zai nuna maka ba.

Zamanin ma ya taimaki sunansa. Shekarun nan ne da siyasa ta dawo, Shari'a ta biyo bayanta, titunan Kano suka rikice. Kowane ƙaramin ɗan majalisa ya samo jiniya yana korar talakawan da suka zaɓe shi zuwa kwata. 'Yan Hisba na tare 'yan acaɓa suna sauke mata, 'yan acaɓa na ba ta wuta don kada a tare su, ga babura masu ƙafa uku ruwan ɗorawa da aka kawo saboda mata suna kutsawa ta ko'ina kamar kiyashi. A irin wannan hargitsi, mutum ɗaya da ke tafiya a natse sai ya zama abin kwatance. Bara ma, a makon wayar da kai na jami'an kiyaye haɗurra, an kira shi gaban jama'a an ba shi takardar yabo da agogon bango. Agogon na nan rataye a ɗakinsa na baskwata, kullum matarsa Luba sai ta goge shi.

Abin da ba wanda ya sani, in ka cire Luba, shi ne Malam Inuwa ya daina ganin hannun agogon nan. Yanar ido ce ta fara rufe masa idon dama a hankali, kamar an shafa wa gilashi man kaɗanya, yanzu kuma ta tsallaka na hagu. Wata goma sha huɗu ke nan. Manyan abubuwa yana ganinsu dishi-dishi, mota duhu ce mai motsi, kwalta baƙa ce, gefenta ja. Amma rubutu da lamba da allurar mita duk sun tafi. Zancen aiki a ido kuwa ko jinsa ba ya so, don yana yaro a ƙauyensu na wajen Ringim shi ya danne ƙafar mahaifinsa ranar da wani mai maganin gargajiya ya soka masa allura zai ture yanar, tsohon bai ƙara ganin hasken rana ba har ya koma ga Allah.

To ta yaya mai irin wannan ido yake tuƙi a Kano? Da sabo, da kunne. Daga ƙofar gida zuwa makarantar Najla, jikar Alhaji 'yar shekara shida da ke hannun matarsa Hajiya Hasiya, ya san kwana nawa ne, ya san kowane rami da sunan damunar da ta haƙa shi. In ya zo wajen ɗan sanda mai ba da hannu sai ya jira motar gefensa ta motsa, shi ma ya motsa. Bayan Magariba kullum yana da dalilin da zai hana shi fita. A babban titi kuwa, kwabo ne jagoransa.

Labarin kwabon tsoho ne. Hanif, babban ɗan Alhaji kuma mahaifin Najla, yana ɗan shekara biyar ya tura kwabo ta ramin iskar gaban Fijo. Bakanike ya ce sai an kwance gaban motar kakaf kafin a ciro shi, Alhaji ya ce a bar shi ya yi ta zama. Tun daga ranar, in mota na saba'in da biyar shiru kake ji, da ta taɓa tamanin sai kwabon ya fara kar-kar-kar a can ciki. Da can abin dariya ne a gidan. Da ido ya tafi, sai Malam Inuwa ya mayar da shi mitarsa: ya taka totur har ya ji kwabo ya yi magana, ya ɗan sassauta ƙafa, shi ke nan har Kaduna.

Ranar wata Juma'a suna dawowa daga masallaci shi da Alhaji, ya tarar da wani dogon abu baƙi ƙirin yana sheƙi a inda ya saba ajiye mota. Hanif na tsaye a gefensa, babbar riga sai tashin ƙamshi take. Wata uku ke nan da aka naɗa shi mai ba da shawara a gwamnati, kuma tun ranar yake cewa abin kunya ne a ga mahaifinsa a cikin akwala.

"Baba Inuwa, kawo makullin tsohuwar nan ka karɓi wannan," in ji Hanif. "Daga yau ka huta da taka kuloci, ita ke canza giyarta da kanta."

Malam Inuwa ya damƙe makullin Fijon a hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ɗin ma lafiyarta ƙalau. Shekaranjiya na yi mata juyen mai."

"Na riga na ba Kawu na Gaya. Direban ofishinmu zai kai masa yanzu."

Malam Inuwa ya juya wajen Alhaji ko zai sa baki. Alhaji ya dogara sandarsa ya yi ajiyar zuciya. "Yaran zamani sun fi ƙarfinmu, Inuwa. Ni dai sharaɗi ɗaya na gindaya masa, ba mai taɓa sitiyarinta sai kai. Gobe ma kai za ka kai Hajiya suna Zariya, ita da Najla."

Malam Inuwa bai ga fitar Fijon sosai ba, jin ta ya yi. Ya bi kukan injin da kunne har ta sha kwana ta hau babban titi, ya kuma ji haushin yadda direban ofishin ya jefa mata giya ta biyu kamar yana faɗa da ita. Aƙilu maigadi ya rufe ƙofa yana ta yi masa barka da arziki.

Da Magariba tuwo ya gagare shi. Ya zauna a tabarma, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo ya sake zama. Ya ɗauko makullin sabuwar motar ya juya shi a hannu, ya ajiye, ya kuma ɗauka. Luba na kallonsa har ta gaji.

"Malam, ka je ka gaya wa Alhaji yanzu, tun bai shiga ciki ba."

"In ce masa me?"

"Abin da yake akwai mana. Ka ce ido ne. Mutumin da ya tsaya aka yi wa Aƙilu aikin ƙaba, shi ne zai ƙi kai ka asibiti?"

"Ranar da na faɗa, ranar zan ajiye makulli. In na ajiye makulli, ni wane ne a gidan nan? Mai sharar ganyen darbejiya?" Can ya ƙara da ƙaramar murya, "Kuma zai tambaye ni tun yaushe."

"To, ashe ka san abin da kake tsoro," in ji Luba. Ba mace ce mai son ɓata masa rai ba, amma ranar ta cije. "Ka yi haƙuri da maganar da zan faɗa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. 'Yar mutane za ka ɗauka gobe, kuma kwabonka ya tafi Gaya."

"Ni ban makance ba!"

"To ƙarfe nawa yanzu?"

Ya ɗaga kai wajen bangon da agogon yabo ke rataye. Ya daɗe yana kallon farar da'irar da ba komai a cikinta. Daga nan ya jawo takalmansa ya ce lokacin Isha ya yi, ya fita masallaci, alhali ko kiran sallah ba a yi ba.

Dabara ta zo masa bayan sallar Asuba, kuma irin dabarar nan ce da mai ita kaɗai ke ganin kyanta. Ya bincika tsohon akwatin Luba ya samo wani kwabo da ya yi baƙi, ya jefa shi a gwangwanin madara da aka yanke wa baki, ya girgiza a kusa da kunnensa. Kar-kar-kar. Muryar ɗaya ce sak. Ya je ya cusa gwangwanin tsakanin kujerarsa da birkin hannu, ya gwada ya ji ya zauna daram. Lissafinsa mai sauƙi ne: ƙarfe ƙarfe ne, mota mota ce, kowace mota in ta kai tamanin jikinta zai ɗauki rawa, in ya ɗauki rawa kwabo zai faɗa masa. Ya wanke motar da ba ta da datti, ya sake wanke ta.

Ƙarfe goma Hajiya Hasiya ta fito da Najla, an ci kwalliya, Aƙilu ya loda turamen atamfa da kayan jariri a but. Hajiya mace ce mai yawan magana da saurin faɗa, amma in dai Malam Inuwa ne a gaba, da ta shiga mota ta ja carbi zagaye biyu barci ke kwashe ta. Ta sha gaya wa ƙawayenta cewa motar Malam Inuwa gado ce.

Ya sauke gilashinsa kaɗan don ya riƙa jin iska, ko ita ma ta taimaka masa.

"Malam Inuwa, rufe mana gilashin nan," in ji Hajiya. "Ai don sanyin aka saye ta."

Ya rufe. Duniya ta yi tsit kamar an toshe masa kunne da auduga. Inji ba ya kuka, giya ba ta neman hannunsa, kujera ba ta gaya wa bayansa komai. Cikin gari abin bai dame shi ba, don daga Gyaɗi-gyaɗi har Na'ibawa cunkoso ne ke yanke wa kowa gudunsa, ya lafe a bayan wata tifa ya bi ta sannu a hankali. Hajiya ta yi barci tun kafin Unguwa Uku.

Da suka haye gadar Tamburawa titi ya buɗe. Ya yi bisimilla ya taka totur, ya karkata kunne wajen gwangwani. Shiru. Ya ƙara takawa kaɗan. Shiru. A ransa ya ce, ashe manyan motocin nan nauyin jiki gare su, har yanzu ko saba'in ba mu kai ba. Ya sunkuya ya leƙa mita, wani haske ja-ja kawai ya gani ya baje kamar manja a ruwa. Ya ƙara takawa.

Ya wuce tirela. Ya wuce tankar mai. Ya wuce motocin kiya-kiya biyu a jere. Can sai ga shi ya wuce wata wagon ta haya, irin waɗanda ake cewa direbobinsu da likkafani suke fitowa daga gida. Abin ya ba shi mamaki. Yau me ya sami mutane, kowa yana rarrafe? Ko dai wa'azin jami'an hanya ne ya fara shiga kunnen 'yan haya? Har wani ɗan alfahari ya taso masa, wai yau ga ranar da Na-tamanin ke wuce mutane.

Amma hankalinsa bai kwanta ba. Tafin hannunsa na zufa duk da sanyin motar. Duhun da zai hango can nesa, kafin ya gama tantance mene ne sai ya ga ya zama bayan tirela a gabansa, sai ya fizgi sitiyari. Ya ɗora laifin a kan idon, ya ce lallai yanar ta ƙaru cikin makon nan. Ya sa hannu ya taɓa gwangwanin ko ya goce, ya ji shi yana nan inda ya sa shi. Ya goge hannu a riga, ya gyara zama, ya sake gyarawa.

Najla ta matso ta ɗora haɓarta a kan kafaɗar kujerarsa, yadda ta saba kullum a hanyar makaranta. "Baba Inuwa, yau bishiyoyi gudu suke yi!"

"Haka suke yi in sun ga sabuwar mota, uwar ɗakina. Koma ki zauna."

Ya saurari kwabo. Kwabo bai ce komai ba. Ya ƙara takawa.

Sun wuce Kura da kaɗan ya hango wasu abubuwa masu ƙyalli a tsakiyar titi suna ɗaga hannu. Jami'an kiyaye haɗurra ne, rigunansu ya gane. Ya taka birki irin takun da ya saba yi wa Fijo, mota ba ta ko nuna ta ji ba. Ya danna da ƙarfi. Ya ga masu rigunan sun watse gefe, ya wuce su, ya yi ta wucewa, tayoyi na ihu, sai can da nisa motar ta tsaya a kan tsakuwa. Tun kafin kowa ya yi masa magana, tsawon wannan birkin ya gaya masa ba lafiya ba.

Ya fito. Wani jami'i ya iso a guje yana haki, riƙe da na'urar auna gudu, wani abu kamar ƙatuwar tocila mai mariƙi.

"Baba, jirgi za ka tayar? Ka san nawa kake yi kuwa?"

"Ban kai tamanin ba, ɗana."

"Tamanin?" Jami'in ya juyo masa bayan na'urar, ya kawo ta dab da fuskarsa. "Karanta da kanka, kada ka ce na yi maka sharri."

Malam Inuwa ya ƙura ido. Jan haske ne ya baje, irin na mita. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya karanta.

"Ɗari da arba'in da bakwai," in ji jami'in. "A titin da doka ta ce ɗari. Da dattijuwa da yarinya a baya. Kawo lasin."

Malam Inuwa ya dafa mota. Ɗari da arba'in da bakwai. Shi, Inuwa. Ya laluba aljihu ya miƙa lasin. Jami'in ya duba, ya ɗago, ya sake dubawa, muryarsa ta canza.

"Malam Inuwa? Na gidan Alhaji Abdulƙadir? Na-tamanin? Baba, ni ne Maharazu, ni na ɗauko agogon nan na miƙa aka ba ka bara."

Birkin ya riga ya tashi Hajiya. Ta sauke gilashi ta ji abin da ake ciki, ai kuwa sai ta hau.

"Kai yaro, ka san wanda ka tare kuwa? Shekara ashirin da shida yana jan mu, ko kaza bai taɓa takawa ba. Duk masu jiniyar da ke wucewa ta gabanku kamar walƙiya ba ku gan su ba, sai wannan bawan Allah? Wallahi tallahi, in ka ce a kawo Alƙur'ani yanzu zan dafa, mutumin nan bai taɓa wuce tamanin ba, yau ma bai wuce ba. Injinku ne ya sha rana."

Maharazu ya sosa ƙeya. Ya juya na'urar, ya ɗan bubbuga ta a tafin hannu. Shi dai da idonsa ya ga baƙar mota ta taho kamar an harbo ta, amma ga dattijuwa ta rantse, ga kuma mutumin da su da kansu suka yi wa tafi a bainar jama'a. Ya taka ya je wajen ogansu, suka yi ƙus-ƙus, ya dawo.

"Wataƙila wata motar ta kama a gefenku," ya ce, ba tare da shi kansa ya gamsu ba. Ya miƙa lasin da hannu biyu. "Baba, ka yafe mini maganar jirgi da na yi. Allah ya kiyaye hanya."

Ka ga ƙofa ta buɗe masa har bango. Ba tara, ba takarda, sunansa na nan yadda yake, har da ƙarin rantsuwar Hajiya a kai. Abin da ya rage kawai ya samu wata tirela mai nauyin kaya ya lafe a bayanta har Zariya, ran Litinin kuma Allah ya kawo wata dabarar. Ya shiga mota ya rufe ƙofa, ya kai hannu kan makulli.

Najla ta sake ɗora haɓarta a kujerarsa, tana dariya. "Baba Inuwa, ka ga mai keken nan da ya faɗa ciyawa da rakensa? Ya tashi yana ta ɗaga mana hannu."

Hannunsa ya tsaya. "Wane mai keke?"

"Wanda zai tsallaka titi mana, kafin mu zo nan. Ka zo kusa da shi sosai-sosai, sai ya faɗa ciyawa. Raken duk ya zube."

Malam Inuwa ya bi hanyar da suka biyo a ransa, daga gada har inda suke. Ya tuna tirela, ya tuna tanka, ya tuna wagon. Bai tuna keke ba. Ba wai ya gan shi a makare ba ne, ko ya gan shi dishi-dishi. Sam bai gan shi ba. Wani mutum mai iyali ya fito da rakensa zai kai kasuwa, mutuwa ta shafi gefen rigarsa ta wuce, wanda ya ɗauko ta kuma bai ma san an yi ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, da wata kunya mai nauyi a bayansa. Yana jin numfashin yarinyar a wuyansa.

Ya zare makullin. Ya zaro gwangwanin ma, bai san dalili ba. Ya fito.

"Maharazu!"

Jami'in ya juyo ya dawo. "Lafiya, Baba? Ta ƙi tashi ne?"

"Na'urarka gaskiya ta faɗa, ɗana. Kada ka bari a sa ka zarge ta." Ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin mota, don ya san in ya faɗa a hankali sai ya sake faɗa. "Lambar da ka nuna mini ban gan ta ba. Mitar motar nan ma ba na ganinta. Kai kanka rigarka kawai nake gani, da ba ka faɗi sunanka ba, da ban san da wa nake magana ba. Yana ce, ido biyu."

Ya miƙa masa makullin da lasin a haɗe. Maharazu ya daɗe bai karɓa ba. Da ya karɓa, sai ya ce, "Inna lillahi."

Daga cikin mota ba a ji faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Can Hajiya ta ce a mayar da su gida, sunan ya wuce ta. Maharazu ya nemi izinin ogansu, aka ce ya kai su, motar sintiri za ta biyo ta ɗauke shi in sun tashi. Ya buɗe wa Malam Inuwa ƙofar gaba ta ɗaya gefen. Shekara ashirin da shida, yau ne karon farko da ya zauna a wannan kujerar. Bai san inda zai sa ƙafafunsa ba, ta dama sai laluben birki take a inda babu. Ya ɗora gwangwanin a cinya ya riƙe da hannu biyu.

Suka juya suka kama hanyar Kano. Da tafiya ta miƙa ya ce, "Ɗana, nawa muke yi yanzu?"

"Tamanin daidai, Baba."

Ji ya yi kamar motar a tsaye take. Ya rufe ido. Da suka zo daidai inda yake zaton mai raken ya faɗi ya so ya tambaya ko yana nan, bakinsa ya kasa. Najla ce ta leƙa ta ce ya tafi, amma ga guntayen rake can a bakin kwalta.

Sai da suka haye gadar Tamburawa Hajiya ta yi magana.

"Tun yaushe?"

"Wata goma sha huɗu, Hajiya."

Ya ji carbinta ya tsaya. Ya san abin da take ƙirgawa, don shi ma ya sha ƙirga shi.

"Kullum da safe kai ke kai ta makaranta."

"Kullum."

"Kana tsaye na rantse da Allah."

"Ina tsaye, Hajiya."

"Idon ba komai ba ne, Inuwa. An yi wa yayata aikin nan, kwana biyu ta zare allura da kanta. Alhaji zai kai ka, na san halinsa, ɗakinka ma ba mai taɓa maka." Ta ajiye carbin a cinya. "Amma ni fa, da nake barci a bayanka."

Tun ranar da ya zo gidan yana saurayi da 'yar jakarsa, ba ta taɓa kiran sunansa babu Malam a gaba ba sai yau, kuma ya ji wurin da kalmar ta ɓace kamar gurbin haƙori.

Najla ta gaji da shirun manya. Ta zamo daga kujera ta matso za ta ɗora haɓarta a kafaɗarsa. Hajiya ta kamo hannunta ta jawo ta jikinta.

"Zauna nan kusa da ni."

Motar ta ci gaba da tafiya sumul, ba gargada. Can sai wata 'yar ƙara ta taso, kar-kar-kar. Maharazu ya duba mita, ya duba gaban motar.

"Mene ne yake ƙara?" in ji Najla.

Malam Inuwa ya ƙara matse gwangwanin a cinyarsa don ya yi shiru. Hannayen ne ke rawa, kwabon kuwa bai daina ba har suka shiga Na'ibawa.